Yadda Tauraron Ɗan'adam Ya Zama Jagoran Ƙananan Jiragen Sama

Ga matuƙin ƙaramin jirgi, babu lokaci mai hatsari kamar na sauka in gajimare ko hazo ya rufe fili. A da, na'urorin rediyon da ke jawo jirgi har bakin titinsa sai manyan filaye, saboda tsadarsu.

Amurka ta harba tauraron GPS na farko a 1978 domin sojojinta. A 1983 wani jirgin Koriya ta Kudu ya ɓace hanya, Tarayyar Sobiyat ta harbo shi, mutum 269 suka halaka. Sai Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe GPS ga farar hula. A 1994 hukumar jiragen saman Amurka ta amince da na'urar Garmin GPS 155 wajen tunkarar fili, amma hanya kaɗai take nunawa, ban da gangara.

Sai a 2003 aka fara aiki da WAAS, inda tashoshin ƙasa ke gyara kuskuren taurarin. Yau kuwa, mai karatu, ƙaramin jirgi na iya gangarowa cikin gajimare har ƙafa 200 daga ƙasa, a filin da ba a kafa wa waccan na'urar rediyo ba.