Shekarar 1903 da Kiɗan da Allura Ba ta Kama Ba

A ranar 15 ga watan Maris na 1903 ne sojojin Ingila suka fafata da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a filin Giginya, suka shiga Sakkwato. Duk ɗan makaranta a ƙasarmu ya san wannan. Abin da ban sani ba sai da na shiga jami'a shi ne, a wannan shekarar dai, wani tsoho ɗan shekara 72 ya tsaya gaban wani babban mazurari a Barlin yana goga tsirkiya, allura kuma tana zana sautinsa a jikin kaki. Sunansa Joseph Joachim, gwanin bayolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Kiɗa biyar kacal ya bari: biyu na Bach, biyu na Brahms, ɗaya nasa.

Na fara jin su ne a waya, cikin dare, a ɗakin kwanan ɗalibai. Da farko ban ji komai ba sai ƙara irin ta ruwan sama a kan rufin kwano. Can sai sautin ya ɓullo daga ƙarƙashi, siriri, tamkar mai magana a bayan danga. An haifi Joachim a 1831. Yana yaro ɗan shekara 12 ya yi wasa a Landan ƙarƙashin jagorancin Mendelssohn, a 1844, kuma dominsa Brahms ya tsara shahararren kiɗansa na bayolin a 1878. Ashe hannun da nake ji ya riga ya saba riƙe kayan kiɗa tun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai daɗe da kwanciya a kabarinsa na Wurno ba.

Masu sauraro da dama sun raina faifan nan. Sun ce tsufa ne, yatsu sun sandare, sautin ya bushe. Daga baya masana suka lura cewa ba duka ne laifin tsufa ba. Joachim ba ya yawan karkaɗa yatsa a kan tsirkiya yadda 'yan baya suka mayar da shi ɗabi'a, yana kuma jan lokaci ya sake shi yadda ya ga dama. Haka mutanen zamaninsa suke kiɗa, takarda kuwa ba ta iya faɗin wannan ba. Pablo de Sarasate na Sifen ya bi sahu a Faris a 1904. A tsakiyar ɗaya daga cikin fayafayensa ana jin muryar mutum ta yi 'yar magana, sannan aka tsallake wani sashe na kiɗan, domin faifan lokacin ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Paganini kuwa, wanda ake cewa ya fi su duka, ya rasu a 1840, shekara 37 kafin Edison ya ƙera na'urarsa ta farko. Nasa sai labari da takarda.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce: a ranar da Joachim yake gaban mazurari, wa yake goge a kwarin Rima?

Akwai su, babu shakka. Goge tsohon abu ne a ƙasar Gobir da maƙwabtanta: ƙoƙo da aka rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta izgar doki, ɗan jaki da ke ɗaga ta, da ƙaro da ake shafa wa izga domin ta kama. Amma marubutan daular Usmaniyya, waɗanda suka bar mana sunayen malamai da alƙalai da ranakun yaƙe-yaƙe, ba su ga dalilin ɓata tawada a kan mai goge ba. Goge ya yi ƙaurin suna saboda bori da gidajen mata masu zaman kansu. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin aibobin sarakunan Haɓe, ko da yake Veit Erlmann ya nuna a littafinsa na 1986 cewa matsayin shugabannin jihadi kan kiɗa ya fi yadda ake zato faɗi, akwai wanda suka hana, akwai wanda suka yi wa sassauci. Nana Asma'u ta kafa 'yan taru, ta ba matan karkara waƙoƙin ilimi a madadin dandalin bori. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda bori da gogensa suka ci gaba da zama a fili ƙarƙashin Inna. A namu ɓangaren kuwa sai ya koma bayan gari.

Ni ɗan Boyekai ne, a gidan allo na tashi, kuma ban zo nan don kare bori ba. Sai dai a ganina ƙin abu daban, share sawunsa daban. Malaman da suka yi wa goge wa'azi sun san abin da suke yaƙa, sun ji shi da kunnensu. Mu jikokinsu hukuncin kawai muka gada.

Na'urar ɗaukar sauti ma ba ta yi gaggawar zuwa ba. Northcote Thomas, jami'in nazarin al'adu na gwamnatin mallaka, ya fara yawo da ita a 1909, amma a ƙasashen Edo da Ibo. Kamfanin Zonophone ya buga fayafayen Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1930, har da na Hausa, sai dai a Landan aka ɗauke su, daga bakin waɗanda tafiya ta kai can. Ɗan kasuwa yana bin mai garmaho ne, masu garmaho kuma suna Ikko da Ankara. Sai da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, David Ames ya zauna a Zariya a 1963 zuwa 1964 yana ɗaukar kaɗe-kaɗen da UNESCO ta fitar a faifai, sannan kaset ya cika kasuwa, kafin sautin izga ya samu wurin zama. A nan ne muka samu Garba Liyo da gogensa, da masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu, Ahmadu Doka, Garba Supa da Hassan Wayam.

Waɗannan ba 'yan ƙarni na 19 ba ne, amma darasin Joachim ya shafe su. Tsoho yana kiɗa ne da hannun ƙuruciyarsa. Mai gogen da ya kai shekara 60 a 1963, a gaban wanda aka haifa kafin zuwan Turawa ya koya. Ga kuma wani abu da Turawa ba su da shi: a bori kowane iska da takensa, masu abin kuma sun yi imani ba ya sauka idan aka gurɓata masa take. Ko mutum bai yarda da iskar ba, zai yarda cewa irin wannan tsoro yana hana makaɗi sauya kiɗa yadda ya so. Saboda haka nake ganin tsofaffin kaset ɗin nan su ne mafi kusa da faifan 1903 da za mu taɓa samu. Bature idan faifai ya fashe yana da takarda. Mu goge daga kunne yake zuwa yatsa, babu wani wurin ajiya.

Kawuna direba ne, ya tara kaset cike da akwatin ƙarfe, da yawansu ba na kamfani ba ne, a wurin biki aka ɗora rikoda gaban makaɗi. Ambaliyar 2010 da ta cinye ƙauyuka a ƙasar Goronyo ta tafi da akwatin, ina ɗan yaro a lokacin. Abin da ruwa ya bari a gidajen mutane, yanzu gudun hijira yake ƙarasawa, domin wanda ya tsere wa 'yan bindiga cikin dare ba kaset zai tsaya nema ba.

Guda ɗaya ya tsira, saboda yana cikin mota a ranar. Babu suna a jikinsa, babu shekara. Bara na kai shi Sakkwato aka juye mini shi a waya. Ana jin ƙwarya biyu, da hayaniyar mata, da goge mai kaushi wanda ba ya sauri ko kaɗan. Wajen minti na 11 kiɗan ya tsaya cak, wani tsoho ya yi tari, ya ce a miƙo masa ƙaro. Na kunna wa kawu wurin har sau uku. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce yana jin mutumin daga wajen Sabon Birni ya zo, amma sunan ya ɓace masa.