Kuɗin dako tsakanin teku da Yamai: abin da tarihin hanyar Kotonu ke nuna mana

Duk ɗan kasuwar da ke sarin shinkafa ko sukari a unguwar Kalley, dab da Babbar Kasuwar Yamai, ya san cewa kaso mai tsoka na farashin buhu kuɗin hanya ne. In aka tambayi dalili, amsar da aka saba ji ita ce nisa: Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma daga tashar jiragen ruwan Kotonu zuwa Yamai akwai wajen kilomita 1050. A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu nuna cewa amsar nan ba ta wadatar ba. Nisan bai taɓa sauyawa ba, amma kuɗin dako ya sha hawa da sauka. A ganinmu abubuwa biyu sun fi nisa tasiri, wato ko mota tana da lodi a zuwa da komowa, da kuma yawan kwanakin da take yi a tsaye. Duka biyun kuwa galibi hukuma ce ke yanke su.

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 sun san haka. Madugu da kwanaki yake lissafin tafiya, da abincin mutane da na jakai, da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, da kuɗin fito a bakin kogi. Kuma ba ya barin gida sai da kanwa ko tufafi ko fatu, don kada dabba ta yi rabin tafiya ba kaya.

Misalin da ya fi fayyace batun shi ne na gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram, da nomanta ya bunƙasa, sai ta bi wannan hanya: raƙuma, daga baya motoci, su kai ta bakin dogo, jirgi ya sauke ta Ikko. Daga kowane ɗayan garuruwan biyu zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba. A ɗaya ɓangaren, dogon da Faransawa suka shimfiɗa daga Kotonu, mai kilomita 438, ya tsaya a Faraku a 1936, bai ƙara gaba ba. Daga Maraɗi zuwa Faraku kuwa kusan kilomita 1000 ne a mota. Da nisa kaɗai ke hukunci, da ko buhu ɗaya bai bi ta Dahomai ba.

Amma bayan yaƙin duniya na biyu jirgin Nijeriya ya kasa kwashe gyaɗar Nijeriyar kanta, buhuna suka yi dala a Kano suna jiran tarago. Bugu da ƙari, dakon da ake yi a ƙasar Ingilishi da fam ake biyan sa, abin da baitulmalin Faransa ba ya so. Daga 1953 sai gwamnatin mulkin mallaka ta shirya abin da ta kira « Opération Hirondelle ». Sunan tsattsewa ne, tsuntsuwar da ke kai da kawowa, kuma ya dace da dabarar. Motocin da ke hawowa daga Faraku da hajar Turai, maimakon su koma fanko, sai a cika su da gyaɗa, a kuma daidaita farashi ta hanyar asusu na musamman yadda doguwar hanyar za ta iya gogayya da gajerar. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta biyo baya a 1958, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN a 1959 (ita ce ta koma OCBN bayan Dahomai ta zama Benin a 1975), aka buɗe sabuwar tashar Kotonu mai zurfin ruwa a 1965. Hanyar da ɗan Kalley ya tashi yana gani kamar ita ce ta asali, shawarar ofis ce ta haife ta.

Abin lura a nan shi ne, shirin ya ginu ne a kan gyaɗa mai nauyi da ke cika motar komowa. Da fari ya auku a 1973 da 1974, cuta kuma ta biyo ta halaka gonaki a 1975, kamfanin SONARA ya rasa abin saye, sai ginshiƙin ya faɗi. Yuraniyom ya maye gurbin gyaɗa a wajen kuɗin shiga, Somaïr ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak a 1978. Sai dai bai maye gurbinta a cikin mota ba: tan dubu uku ko huɗu a shekara abu ne mai daraja, amma motoci ƙalilan ke kwashe shi. Albasar Galmi tana nufar Abijan da Akkara, shanu da wake suna shiga Nijeriya. Saboda haka motoci da yawa suka koma gangarawa teku fanko, su hawo da lodi. Man da aka ƙona da tayar da ta cinye a tafiyar fanko dole wani ya biya, kuma mai shinkafar Kalley ne ke biya, daga shi sai mai awo.

Batun kwanaki ya fi wannan sarƙaƙiya. A zamanin OCBN kaya sai sun sauka daga jirgin ruwa, su hau tarago, a sake sauke su a Faraku, su jira mota. Kowane sauke da ɗauka yana da ladan ƴan dako, da ɓarna, da jira. Ga kuma ƙa'idar rabon lodi da ke cikin yarjejeniyoyin ƙasashen biyu-biyu: kashi biyu bisa uku na kayan da ke ratsawa na motocin ƙasar da ba ta da teku ne, ɗaya na ƙasar mai tasha. A tasha kuma ƙungiyoyin masu motoci suna ba da lodi bi da bi, abin da ake kira « tour de rôle ». Niyyar ba mummuna ba ce, kuma duk wanda ya san yadda ƙaramin mai mota ke rayuwa zai fahimci dalilinta. Amma mu dubi sakamakon. Motar da za ta iya isa Yamai cikin kwana uku ko huɗu tana iya shafe makonni tana jiran layi. Albashin direba da karen mota, da inshora, da biyan bashin motar, ba sa tsayawa don ta tsaya. Wanda ke tafiya sau ɗaya a wata dole ya ɗora kuɗin watan duka a kan lodi ɗaya. Kuma tun da sabuwar mota da tsohuwa layi ɗaya suke bi, babu abin da zai sa mutum ya sayi sabuwa. Binciken da Teravaninthorn da Raballand suka yi wa Bankin Duniya, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 2000, ya cim ma matsaya makamanciyar wannan: a Afirka ta yamma da ta tsakiya, tsarin rabon lodi ya fi lalacewar hanya tsadar da sufuri. Muna tare da su a kan haka, sai dai muna ganin masu karanta shi sukan manta cewa ko an soke layi gobe, motar da ke sauka fanko tana nan.

Karya darajar sefa da rabi a ran 12 ga Janairun 1994 ta ƙara tsananta lamarin. Mota da taya da kayan gyara duk daga waje suke, farashinsu ya yi sama, masu kaya kuwa ba su yarda kuɗin dako ya bi shi ba. Masu motoci suka koma ga tsofaffin motocin Turai da lodin da ya wuce ƙima. Titi ya farfashe, tafiya ta ƙara kwanaki. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005, wadda ta ƙayyade nauyi a tan 11,5 kan kowane gatari guda, ta daɗe a takarda, domin rage lodi yana nufin ƙarin kuɗi a kan kowane tan. Shingayen jami'ai a hanya, da ake yawan kuka da su, kuɗin da ake miƙawa a wurin bai kai asarar lokacin da suke jawowa ba. Dogon Yamai zuwa Doso kuwa, mai wajen kilomita 140, da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, bai haɗu da na Faraku ba, don haka bai rage ko dala a kuɗin buhu ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Benin, ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka bar nasu ɓangaren gadar a toshe. Kaya suka koma ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera. Ƙarin nisan ƴan ɗaruruwan kilomita ne kawai. Abin da ya tayar da farashi a kasuwannin Yamai shi ne jiran rakiyar soja: motoci su taru makonni kafin ayari ya tashi, ga kasadar hari da mai mota da direba ke sakawa a lissafi. A Gaya kuwa, bayan rufe iyakar, fasinja da ƙananan kaya a kwalekwale suka riƙa ƙetare kogin, a gefen gadar, suna biyan kuɗin fito.