Amanar Fatake, daga Hanyar Gwanja zuwa Sabon Ibadan

Duk wanda ya yi nazarin fataucin goro a zamanin da ake bin hanyar Gwanja da jakuna, tun gabanin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, lalle zai yi ta'ajibin yadda dukiya take barin hannun mai ita, ta ƙetare Kwara, ta ratsa ƙasar Borgu da ta Dagomba har Salaga, ta yi wata da watanni a daji, alhali kuwa babu takardar shaida, babu wani alkali guda wanda hukuncinsa ya game waɗannan ƙasashe, amma duk da haka galibi ta komo gida da riba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka shahara a wannan sana'a, sukan ɗora kanwa da turkuɗi su tafi, su komo da huhunan goro, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba. Kowane babban ayari kuma yana da malaminsa, wanda yakan duba ranar tashi, ya shafa Fatiha, ya ja salla a kowane zango; mutumin da ka haɗa kafaɗa da shi a sahu sau biyar a yini, tun daga ƙofar gari har bakin kurmi, da wuya halinsa ya ɓuya gare ka.

Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai fatake suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi. Daga bisani, da noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarabawa, harka ta karkata can. A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, kuma a nan ne al'amarin amana ya fi bayyana, musamman a cinikin shanu. Dalili kuwa shi ne, saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi saboda tsando, tilas a sayar da ita da gaggawa, mahauta kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Saboda haka baƙon da ya kawo garke yakan sauka wurin mai gida, mai gida ya haɗa shi da dillalansa, a ba mahauci shanu bashi bisa lamunin mai gidan, wanda in mahauci ya gaza, shi ne zai biya daga aljihunsa. Jarin mai gida na haƙiƙa sunansa ne, domin ranar da aka ji ya ci amanar baƙo, labari zai riga shi isa Kano, ba mai sake sauka gidansa.

Muddin Turawa suna mulki ta hannun sarakuna, Sarkin Hausawan Sabo yana da ikon tsawatawa da raba gardama. Amma da siyasar jam'iyyu ta kunno kai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wannan iko ya soma raurawa, sai ga shi a daidai wannan lokaci, wajen 1951 zuwa 1952, akasarin mazajen unguwar suka karɓi ɗariƙar Tijjaniyya, wadda Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya farfaɗo da ita a Kano. Kowace rana sai a shimfiɗa farin ƙyalle, a kewaye shi, a yi wazifa, da istigfari da Salatul Fatihi da hailala da Jauharatul Kamali; ran Juma'a bayan la'asar a yi zikiri. Ta haka attajiri da yaronsa da dillali suka zama ikhwani, kowa yana da muƙaddamin da ya ba shi wuridi, wanda yake jin nauyinsa fiye da yadda yake jin tsoron ɗan doka.

Wani masani, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 yana mai cewa ɗariƙar ce ta maye gurbin sarautar da ta raunana wajen tsare harkar ciniki. Malaman zawiya ba za su yarda da wannan fassara ba, za su ce neman kusanci ga Allah ne ya tara su, ni ma ban ga hujjar tuhumar niyyarsu ba. Sai dai wanda ya san gobe da magariba zai zauna gwiwa da gwiwa da mai binsa bashi, yakan yi tunani kafin ya yi taurin bashi. Abin da ya haɗa su ɗin kuma shi ya raba su da maƙwabta, gama a 1952 Hausawan Sabo suka daina bin limamin babban masallacin gari tare da Musulmin Yarabawa, suka tsai da tasu Juma'a a cikin unguwa.