Tambarin LV da Dagin Arewa

Jiya a ajinmu a Gashua na ƙirga jakunkuna huɗu masu tambarin LV, duk jabu. Ka shiga kasuwar Nguru, ga su nan birjik. Abin dariya, a 1896 Georges Vuitton ya zana tambarin nan a Faransa don hana kwaikwayon akwatunan gidansu.

To 'yan uwa, mu ma fa muna da namu. Tun kafin mulkin Turawa ake ɗinka aska takwas a babbar riga. Dagi kuma, daga riguna da bangon gidajen sarakuna, zamanin Sardauna ya zama alamar Arewa.

Nasu na da rajista, kotu na kare shi. Namu kuwa, mai ɗinkin hannu ya shafe makonni kan riga ɗaya, mu zo muna taya ta kamar gwanjo. Wallahi mu sake tunani.