Tafkin Chadi: Ƙaurar masunta da ikon ruwa

Tafkin Chadi, wanda ƙasashen Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suke tarayya a kansa, ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960.

Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya sa ruwan ya janye ƙwarai, har tafkin ya rabu gida biyu, arewa da kudu.

Duk inda ruwan ya koma, masunta suka bi shi. Hausawa da Jukunawa da mutanen Mali suka kafa sababbin ƙauyuka a kan ƙasar da a da ruwa ya rufe, kusa da Buduma mazauna tsibirai da kuma Barebari.

A al'adance, baƙo kan nemi izinin bulama ko lawani kafin ya jefa taru, ya kuma ba da wani kaso na abin da ya kama. Wannan tsari yana aiki ne idan kowa ya san kowa.

Da baƙi suka yawaita, sai suka zo da kayan su irin nasu. Fitacce a ciki shi ne dumba, wato jera gura a gicciye inda ruwa ke janyewa, ta tare kifi babba da ƙarami. Wuraren da suka dace da dumba kaɗan ne, ribarta kuma tana da yawa, shi ya sa rabon su ya zama abin rigima tsakanin masunta da masu sarauta da ƙananan hukumomi. Sau da yawa mai kuɗi ne ke samu.

Ƙaurar ta kuma tsallaka iyaka. 'Yan Najeriya sun zauna a Darak da ƙauyukan da ke kewaye, har Najeriya ta riƙa gudanar da mulkinsu. A shekarar 2002 Kotun Duniya ta yanke hukuncin cewa yankin na Kamaru ne, aka kuma miƙa shi a watan Disambar 2003.

Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, tana da mazauni a N'Djamena, amma dokokin kamun kifi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Harin da Boko Haram ta kai Baga a watan Janairun 2015 ya tarwatsa dubban masunta, ya kuma durƙusar da kasuwar banda ta Doron Baga. A wasu tsibiran, harajin da a da ake kai wa bulama ya koma hannun mayaƙan ISWAP.