Ƙaurar Takardun Hausa Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa

Wanda duk ya taɓa buɗe wata takardar Hausa da aka buga da kwamfuta a Kano cikin shekarun 1990, ya buɗe ta a kan na'urar wannan zamani, ba mamaki ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Inda marubuci ya nufi ƙasa, sai ya tarar da qasa ko }asa. Inda ya nufi ɗaki, sai ya tarar da xaki ko ]aki. Ɓera kuwa ya koma vera ko ~era. Mai buga takardar bai yi kuskure ba, faifan kuma bai lalace ba. Abin da ya faru shi ne takardar ta yi ƙaura ta bar wani abu nata a tsohon gida. Wannan kuwa ba shi ne karo na farko da haka ta sami rubutun Hausa ba, kuma ba a iya gane matsalar sosai sai an koma unguwar Nassarawa, inda labarin ya faro.

Ƙaura ta Farko: Daga Ajami Zuwa Boko

A Nassarawa ne Turawa suka fara zama bayan sun ci Kano a shekarar 1903. A nan kuma Hanns Vischer, mutumin Suwizalan wanda ya shiga aikin Gwamnatin Ingila, ya buɗe makarantar Gwamnati ta farko a Arewa cikin 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas. Saboda jin harshen da ya yi aka laƙaba masa Ɗan Hausa, gidan ƙasar da ya zauna a ciki kuwa shi ne a ke kira Gidan Ɗan Hausa, wanda daga baya ya zama mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. A shekarar 1912 Vischer ya buga ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa, watau boko.

Kafin wannan lokaci da ajami malamai su ke rubuta waƙoƙinsu da wasiƙunsu na Hausa. Ajami yana da hanyarsa ta rarrabe sautuka. Yana rubuta ƙ da ƙaf na Larabci, yana rubuta ɗ da harafin da almajirai ke kira ɗa-mai-hannu, amma yawancin marubuta ba su bambanta ɓ da b. Wani abin da ajami ke da shi kuma shi ne nuna dogon wasali da alif da wawu da ya. Sa'ad da aka kwashe rubutu aka kai shi boko, an sami daidaituwar wasula biyar, amma aka bar tsawon wasali a baya. Shi ya sa mai karatun boko ba ya sanin ko gari na zama a ke nufi ko gari na tuwo, sai ya duba sauran jimla. Wannan ita ce hasarar farko, har yanzu kuwa ba a mai da ita ba.

Baƙaƙen nan uku su ma sun daɗe ba su sami matsuguni ba, domin babu su a cikin abacadan Ingilishi. Waɗansu marubuta su kan ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, waɗansu su sa 'yar alama a gefensa, waɗansu kuwa su bar shi haka nan. A cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsai da shawara a kan baƙaƙe masu lanƙwasa. Littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, su suka yaɗa su ko'ina cikin ƙasar Hausa.

Ƙaura ta Biyu: Zamanin Tafireta

Maɗaba'a tana iya sa a zuba mata sababbin baƙaƙe na dalma, amma akawu ba shi da wannan hali. Yawancin tafiretocin da ke ofisoshin Gwamnati da na En'e an ƙera su ne domin Ingilishi. Saboda haka akawu mai kula ya kan buga takarda, sa'an nan ya bi ta da alƙalami yana lanƙwasa kan kowane harafi da ke bukata. Wanda ba shi da lokaci kuwa sai ya bar su tsirara, ya dogara ga hankalin mai karatu.

Hankalin mai karatu ya kan isa sau da yawa, amma ba kullum ba. Lanƙwasar nan ita ce ta raba ƙura da kura, da ƙafa da kafa, da ɓari da bari, da baƙi da baki, da ɗa da da. Ɗan harshe ya kan gane abin da a ke nufi cikin zance na yau da kullum. Amma a cikin sunayen mutane da na garuruwa, da tsofaffin kalmomin waƙa waɗanda aka daina amfani da su, in lanƙwasa ta faɗi, wani lokaci babu mai iya ɗauko ta.

Ƙaura ta Uku: Zuwan Kwamfuta

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. Tsarin da Amurka ta fara fitarwa a 1963, mai suna ASCII, gurabe 128 gare shi, daga baya kuwa aka cika su da baƙaƙen Ingilishi manya da ƙanana, da alƙaluman lissafi, da alamomin rubutu. A wannan tsari k ita ce lamba 107, q kuwa 113. Babu gurbin ƙ ko ɗ ko ɓ. Abin da ke mai da lamba ta zama siffar da ido ke gani shi ne zubin baƙaƙe, watau wani fayil dabam wanda ke zaune a cikin na'ura, ba a cikin takardar ba.

Sa'ad da kwamfuta ta fara yawaita a Kano, a jami'a da ofisoshi da shagunan buga takardu, sai aka rasa yadda za a yi da Hausa. Lokacin kuwa ya yi daidai da bunƙasar littattafan da a ke kira Adabin Kasuwar Kano, da ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama. Masu himma suka tashi neman mafita. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera wa Hausa zubin baƙaƙe masu lanƙwasa a cikin shekarun 1990, waɗanda aka sani da suna Rabi'at da Abdalla.

Dabarar da irin waɗannan zubi suka bi a ƙasashe da yawa ita ce aron gurbi. Tun da ya ke Hausa ba ta amfani da q da x da v, sai wani maƙeri ya goge siffarsu ya zana ƙ da ɗ da ɓ a madadinsu. Wani kuma ya bar waɗannan, ya ari guraben alamomin baka da makamantansu. Mai bugu ya danna q, allo ya nuna masa ƙ, takarda ta fito da ƙ, amma abin da aka ajiye a faifai lamba 113 ce. Dabara ce mai kyau, da ita aka buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu yawa. Illarta ɗaya ce: ma'anar takarda ta rataya ga wani abu da ba ya tafiya tare da ita. Ran da aka kai ta na'urar da ba ta da wannan zubi, sai mai gurbi ya karɓe gurbinsa. Kayan aro, an ce, ba ya rufe katara.

Maganin dindindin ya riga ya samu tun 1991, sa'ad da aka fitar da tsarin Unicode, wanda ya nufi bai wa kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa. A cikinsa ƙ ta sami 409, ɓ ta sami 595, ɗ ta sami 599. Amma an ɗauki shekaru kafin manhajoji da zubin baƙaƙe da madannai su bi sahu, mutane kuwa sun riga sun saba da tsohuwar hanya. Takardun da aka buga a wannan tsakani su ne ke bukatar ceto.

Matakan Ceto

Aikin hawa uku ne, kowane hawa da irin haɗarinsa. Na farko shi ne faifan kansa. Tsofaffin na'urori suna ajiya a kan faifan fulofi: babba mai faɗin inci 5.25, wanda da yawa ba ya ɗaukar fiye da baƙaƙe dubu 360, da ƙarami mai inci 3.5, wanda ke ɗaukar kusan miliyan ɗaya da rabi. Kamfanin Apple ya fitar da iMac ba ramin fulofi a 1998, kamfanin Sony kuma ya daina ƙera faifan a 2011. Ƙaramin faifai a kan iya karanta shi da 'yar na'urar da a ke jonawa ta USB. Babban kuwa sai an sami tsohuwar kwamfuta mai rai, ko wata na'ura ta musamman. Rubutun da ke kansu maganaɗisu ne a kan siririyar leda, zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina duk abokan gabansa ne. Don haka ka'ida ita ce a kulle faifai kada a rubuta kome a kansa, a kwashe duk abin da ke ciki gaba ɗaya tun a karatun farko, domin wani faifan ba ya jure na biyu.

Hawa na biyu shi ne sigar fayil. Takardar da aka rubuta da WordStar ko da WordPerfect 5.1, wadda ta fito a 1989, ba lalle sabuwar manhaja ta buɗe ta daidai ba. Ko Microsoft Word ma ta sake sigar ajiyarta a 2007. Manhajar LibreOffice tana buɗe da yawa daga cikin tsofaffin sigogi, amma sau da yawa jadawali da bayanan ƙasan shafi su kan goce.

Hawa na uku shi ne baƙaƙe, a nan ne kuma masanin harshe ya ke da aiki. Dole a fara gano tsarin aron da aka bi, domin ba ɗaya ba ne. Sa'an nan a umurci na'ura ta musanya kowane gurbi da harafinsa na Unicode, manya dabam, ƙanana dabam. Amma na'ura ba ta san inda aka yi aro da inda mai gurbi ne ke zaune a gurbinsa ba. In an sake mata, sai ta mai da sunan Vischer kansa Ɓischer, shafi na xv ya koma ɗɓ, kowace kalmar Ingilishi ko Faransanci da ke cikin kundi ta sami rauni. Wanda ya gaji kuma ya ce a mai da q ta zama k kawai don a huta, ya koma zamanin tafireta ke nan, ya zubar da abin da marubuci ya wahala ya adana.

Darasin Magabata

Malaman da suka riƙa kwafar littattafai da hannu a Kano da Katsina da Sakkwato sun san wannan haɗari tun da daɗewa. Al'adarsu ita ce in an gama kwafi a gwada shi da asali, abin da a ke kira muƙabala a ilmin littattafan Larabci. Da yawa kuma su kan rubuta sunansu a ƙarshe, wani lokaci har da ranar gamawa, su roƙi mai karatu ya gyara kuskuren da ya gani. Da irin wannan kula Tarihin Kano ya rayu har H. R. Palmer ya fassara shi da Ingilishi a 1908, aka kuma sa shi cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930.

Mai kwashe fayil magajin waɗannan malamai ne, sharuɗɗansu kuwa sun hau kansa. Ya ajiye asalin fayil yadda ya same shi, tare da tsohon zubin baƙaƙensa in ya samu. Ya nemi bugun takarda ya gwada sabon kwafi da shi, layi bayan layi. Ya rubuta abin da ya musanya, da ranar da ya yi aikin. Ya kuma ajiye kwafi a wurare fiye da ɗaya.

Akwai takardun ajami da suka haura shekara ɗari suna nan ana karanta su, alhali faifan da bai kai shekara arba'in ba ya kan ƙi buɗuwa. A cikin irin waɗannan faifai akwai rubutun marubutan da suka riga mu gidan gaskiya, da waƙoƙin baka da ɗalibai suka ɗauko daga bakin tsofaffi, waɗanda ba a taɓa buga su ba. Masu sanin madannin da aka danna a wancan zamani suna raguwa, na'urorin da ke karanta faifan su ma haka. Sassan nazarin Hausa da gidajen ajiye tarihi su ne suka fi cancanta su tattara waɗannan faifai tun da sauran masu iya karanta su. Allah Ya ba da ikon yi.