Yadda ƙ ta samu shiga wasiƙar imel

A hutun bara na naɗi muryoyin tsohhi a Dogon Dutsi da Tibiri don binciken Hausar Arewa. Naɗin ya yi yawa, sai wata abokiyar karatuna ta rubuta ɗan tsari da Python wanda ke liƙa kowane fayil ga imel ya aika wa malaminmu a Yamai. Saƙo ya isa, amma fayil ɗin da munka raɗa wa suna "ƙasa" ya fito da wasu alamomi marasa kai. Abin da ya sa na bi sawun tarihin ke nan.

A 1971 Ray Tomlinson ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu a Amurka. Ƙa'idojin da anka kafa a 1982 ba su san komi ba sai ASCII, alamomi 128 na Turancin Ingilishi. Babu hoto, babu murya, babu é ta Faransanci, balle ɓ, ɗ, ƙ, ƴ namu.

A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed sunka fito da MIME. Dabararsu ita ce a kasa wasiƙa kashi-kashi, kowane kashi ya faɗi ko mi ne shi: rubutu, hoto ko sauti. Fayil kuma a juya shi zuwa haruffan ASCII ta hanyar Base64, inda bayit 3 ke zama haruffa 4. Shi ya sa naɗi mai mega 3 ke komawa wajen mega 4 a hanya. Mai sayen mega da kuɗin aljihunsa ya san zahin wanga. MIME ɗin dai ita ta ba wasiƙa damar faɗin irin haruffan da ke cikinta. A shekarar kuma Ken Thompson da Rob Pike sunka ƙera UTF-8, wadda ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa.

Matsalarmu ashe daga nan take: tsarin bai sanar da UTF-8 ga sunan fayil ba. Layi guda anka gyara.

Ƴan uwa ɗalibai, ƙohwar a buɗe take tun 1992. Duk mai rubuta "kafa" yana nuhin "ƙafa", ya daina cewa laihin na'ura ne.